Karen Bawa da zomanyata

"Wallahi Hajiya, gobe-goben nan zan ɗaure karen." Maƙwabcina Bawa ke nan, sati uku da suka wuce.

Yau ina tankaɗe na ji ihu kamar an mintsini jariri. Zomanyata ce mai goyo, karen ya cusa hanci cikin akurkinta.

Bawa ya leƙo ta katanga: "Haba Hajiya, zomo ai ba shi kuka."

Na ce, "In ta ji haushi gurnani take yi, in ta ji tsoro ta doka ƙafa. Ihu kam sai ta ga mutuwa. Ita ba ta ƙarya, ba kamar wasu ba."

Jama'a, ku shaida. Bawa, in Juma'a ta yi karen nan yana sake, mota zan sa shi har Jamhuriyar Benin. Ka bi shi, ka yi cigiya da Faransanci.