Ranar da Malam Muntaka ya duba bakin jikansa

Malam Muntaka maƙwabcina ne a ƙauyenmu, kusa da Kafin Hausa. Tun yana yaro yake bin shanu, bai san wata sana'a ba. In maraƙi ya ƙi kama nono shi ake kira, ya sa yatsa a bakinsa, sannan ya faɗi abin da ke damunsa.

Bara matar ɗansa, Safiyatu, ta haihu, aka sa wa yaron Uwaisu. Har aka yi suna bai ƙoshi ba. Ya kama nono ya saki, ya kama ya saki. Kan nonon uwar ya tsage har da jini. Ranar kwana goma sha biyu maɗigarsa ta faɗa, kukan ma da ƙyar ake ji.

Tsofaffin gidan suka tatsi nonon a ludayi, suka jefa tururuwa, ta mutu. Suka ce nonon ne ba shi da kyau, a raba yaron da uwar a ba shi na saniya.

Da safe na tarar da Malam Muntaka ya kasa kwance shanu. Jikoki biyu ya riga ya binne.

Ya kira matarsa Indo ya ce ta fito da yaron.

"Malam, wannan fa ba maraƙi ba ne."

"Miƙo shi dai."

Ya wanke hannu, ya sa ɗan yatsa a bakin yaron. Harshen bai naɗe yatsan ba. Da ya ɗaga shi muka ga wata siririyar fata ta riƙe shi ta ƙasa kusan har tsininsa.

"Linzami ne," in ji shi. "Ku ce wa yarinyar nan nononta lafiya lau."

Indo ta ce a kira wanzami. Malam ya ce yaron ba shi da jinin da zai zubar.

Ni na raka su asibiti a Dutse. A mota bini-bini sai ya kai hannu hancin yaron. Yana duba ko yana numfashi.

Likita ta duba ta ce haka ne. Ta ce leɓen sama ma ya ɗan ɗaure, amma a bar shi tukuna. Aka shiga da Safiyatu da yaron don a yanke linzamin, Indo ta bi su, mu muka tsaya a baranda.

An jima Indo ta leƙo.

"Malam, yana haɗiya. Har ana ji."

Sai ya zame ya zauna a ƙasa. Aka riƙe su kwana uku, bai koma wajen shanu ba sai da aka sallame su.