Ranar da Na Yi Yabo da Gaske

Shekara da shekaru ina koyar da littafi ɗaya a wata sakandare da ke Yelwa, har bangonsa ya cire na manne shi da salatif. Akwai wani shafi a ciki da ya ishe ni. Marubucin ya kawo wani attajiri marowaci, ya dinga zuba masa yabo, wai ba a taɓa yin mai kyauta irinsa ba, alhali baƙonsa da yunwa ya tashi. Kowace shekara sai in tambaya, "Yabonsa yake yi?" Kowace shekara aji ya amsa baki ɗaya, "E, Malama!" Sai in sake bayani da muryar da ta gaji: wannan gatse ne, a faɗi abu ana nufin akasinsa.

Ni kuwa ba a littafi na koyi gatse ba. Kullum kafin keke napep ya kawo ni daga unguwarmu Tirwun raina ya riga ya ɓaci. Wanda ya makara in ce masa, "Sannu da isowa, ranka ya daɗe." Wanda ya ci sifili, "Madalla, farfesa." Yara su yi dariya, ni in ɗan samu sauƙi.

Wata shekara aka kawo mini wata yarinya daga kudancin jiharmu, mai shiru-shiru, Hausarta ma ba ta gama nuna ba. Na ba 'yan ajin aikin gida a kan shafin nan. Ita kaɗai ta gane. Ta rubuta cewa marubucin tsoron masu kuɗin zamaninsa yake ji, shi ya sa ya naɗe zaginsa cikin yabo. Ni kaina ban taɓa kallon abin ta nan ba. Na ji daɗi har cikin raina, na ƙudura sai ta karanta adabi a jami'a.

Na ɗaga takardarta a gaban aji na ce, "Tunda nake koyarwa ban taɓa ganin amsa mai kyau irin wannan ba."

Aji ya kwashe da dariya. Ta sunkuyar da kai.

"Wallahi da gaske nake," na ce. Dariyar ta ƙaru.

Da aka tashi na kira ta ofis, na maimaita mata a hankali, kalma bayan kalma. Ta saurara har na gama, ba ta ɗago ba.

"Ki yi haƙuri, Malama," ta ce. "Zan gyara."

Zango na gaba ta koma ajin kasuwanci.