Baba Tela da Zaɓen Fafaroma

Babanmu tela ne, amma ba telan kowa da kowa ba. Rigunan firistoci yake ɗinkawa, da mayafan bagade, da 'yan rigunan yaran da ke taya Fada hidima a coci. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran agogo da wata mata mai sayar da sabulu. Keken ɗinki a bakin ƙofa saboda haske, teburin yanka a ciki, dutsen guga a ƙasa, sai wani dogon benci da kullum ba ya rasa mazauna. Kowa Baba Tela yake ce masa, har Mama in ranta ya ɓaci.

A gidan mishan ya koyi ɗinki, wajen wani Bature ɗan zuhudu mai rawar hannu. Baba yana son mutumin nan ƙwarai. Ya ce shi ya fara riƙe masa hannu a kan almakashi, kuma da zazzaɓi ya kashe shi, Baba na cikin waɗanda suka ɗauki akwatinsa. Amma a gidan nan ɗin ne dai, yana saurayi, ba a yarda ya shiga ta ƙofar gaba ba. Akwai wani Fada da bai taɓa bari Baba ya auna shi ba, sai dai ya aiko da tsohuwar riga ta hannun kuku a kwaikwaya. Baba yakan ba da labaran nan biyu a zama ɗaya, bai taɓa ganin ɗaya ya goge ɗaya ba.

Abin da aka fi saninsa da shi bayan ɗinki shi ne maganar Fafaroma. So yake, kafin ya mutu, ya ga baƙar fata a kan kujerar nan. Da an taɓo zancen sai ya ɗage ƙafa daga keke, ya zare allura daga baki.

"Ku leƙa cocinmu ran Lahadi," yakan ce. "Mutane har waje, har ƙarƙashin bishiya. Can ƙasar Turawa kuwa an ce tsofaffi ne kawai da kujeru. Mu ke cika coci, mu ke haifar firistoci, amma in an zo zaɓe sai a ce mu tafa hannu. Namu ne zai san ciwonmu."

Abokin gardamarsa maƙwabcinsa ne, Mai Agogo, wani siririn dattijo mai gilashi a ido ɗaya. Shi cewa yake Ruhu Mai Tsarki ne ke zaɓen Fafaroma, kuma ba ya duba fata, ba ya tambayar garin mutum.

"To me ya sa kullum gefe ɗaya yake sauka?" in ji Baba.

"Lokaci ne bai yi ba."

"Kai ne za ka faɗa mana lokaci? Agogon da ka gyara min har yau sai na leƙa rana nake sanin azahar ta yi."

'Yan benci su kwashe da dariya, Mai Agogo ya koma shagonsa yana tsaki, an jima kaɗan ya dawo da kofin shayi biyu.

Mu biyu Mama ta haifa muka rayu, ni da Yayana. Yaya mutum ne mai shiru tun yana ƙarami, irin yaran da za ka manta suna ɗaki. Da ya ce zai tafi makarantar firistoci, Mama ta yi kuka, don shi kaɗai ne namiji. Baba kuwa ya fita ya sayo farin yadi mafi kyau a kasuwa ya ɓoye a ƙasan akwati tun Yaya bai gama shekarar farko ba. Ranar da aka keɓe shi firist, rigar da Baba ya ɗinka ce a jikinsa. Da aka ce iyaye su zo su karɓi albarkar sabon firist, Baba ya durƙusa gaban ɗansa, yana ta gyara masa kalmasar riga da yatsa, wai ta ɗan karkace. Daga ranar bai sake kiransa da komai ba sai Fada. Mama dai ta ce ita yaron nan ta sani.

Bayan 'yan shekaru Bishop ya ba Yaya coci nasa na kansa, a wani gari can ƙetaren kogi. Mutanen wajen fatarsu irin tamu ce, addininmu ɗaya, addu'armu ɗaya, yare ne kawai ya bambanta, shi ma Yaya ya fara koyonsa tun kafin ya tafi. Baba ya zagaya unguwa yana ba da labari kamar shi aka ba.

Mako biyu bayan tafiyarsa muka ji an rufe cocin da kwaɗo. Mutanen garin sun ce ba sa son baƙo, ɗan ƙasarsu suke so.

Da farko Baba ya ce aikin 'yan tsiraru ne, zai wuce. Bai wuce ba. Damina ta shiga ta fita, kwaɗo na nan. In mun kira Yaya sai ya ce lafiya lau, mu dai yi addu'a. Mama ta daina cin abinci sosai. Rannan Baba ya rufe shago da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba, ya ce min in shirya, gobe za mu je mu gano Fada.

Mun isa da la'asar. Cocin babba ne, ya fi namu, ciyawa ta fara cin matakalarsa. Gidan Fada na bayansa. Yaya ya buɗe mana ƙofa da kansa, don kukun gidan ya gudu tuntuni. Rigar da ke jikinsa ɗinkin Baba ce, amma ta yi masa yawa kamar ta aro. Na ga Baba ya kai ido kafaɗar rigar, ya kawar da kai. A falo Yaya ya jawo teburin cin abinci ya shimfiɗa masa farin mayafi, nan yake yin addu'ar Mas kowace safiya da wasu tsofaffin mata uku da ke shigowa ta bayan gida don kada a gan su. A kan firji akwai kwalaben maganin gyambon ciki.

"Fada, me ka yi musu?" Baba ya tambaya.

"Ban yi musu komai ba, Baba. Ba su ma bari na yi ba."

Washegari Baba ya ce sai ya ga shugaban dattawan cocin. Na zaci za mu tarar da wani mai jan ido. Sai ga wani malamin makaranta da ya yi ritaya, mai ladabi, ya fito da kansa ya karɓi sandar Baba, ya ba shi kujera, ya sa aka kawo ruwa. Carbinsa na rataye a wuya.

"Baba, wallahi ba mu ƙi ɗanka don halinsa ba," ya ce. "Kowa ya shaida mutumin kirki ne. Amma iyayenmu ne suka ɗauko duwatsun cocin nan a ka. Tun daga lokacin har yau ba a taɓa ba mu namu ba. Muna da 'ya'ya firistoci, ana tura su ƙauyukan da ko mota ba ta zuwa, mu kuma kullum a aiko mana daga wajenku. Mun rubuta, mun roƙa, mun je mun durƙusa. Tsofaffinmu suna mutuwa ba su yi ikirarin zunubi da yarensu ba. Mu ma mutane ne, Baba. Namu ne zai san ciwonmu."

Na san Babana a gardama. Na ga ya gyara zama, ya buɗe baki, na ce a raina yau mutumin nan zai ji jiki. Sai ya rufe bakin. Ya ɗauki ruwan ya sha.

"Yaron ba ya cin abinci," abin da ya iya faɗa ke nan. "Ko da ba za ku buɗe cocin ba, a riƙa leƙa shi."

Malamin ya sunkuyar da kai ya ce za a leƙa.

A mota muna dawowa na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, mutumin nan yana da gaskiya?"

Ya juyo ya dube ni.

"Yana da gaskiya," ya ce. "Yayanki ma yana da gaskiya. Buɗe min tagar nan, zafi nake ji."

Ba a buɗe cocin ba sai da Bishop ya janye Yaya. Ya kwanta asibiti, aka yi masa aiki a ciki, ya zo gida ya yi jinya a ɗakinsa na yarinta. Da ya warware, aka ce ana neman firistoci a ƙasar Turawa, can inda Baba ke cewa tsofaffi ne kawai da kujeru. Aka tura shi. Mama ta riƙe masa hannu a tasha ta ƙi saki sai da direba ya yi ta danna hon.

A shago, Baba ya ci gaba da ɗinki, amma benci ya yi sanyi. In wani ya jawo zancen Fafaroma don ya tsokane shi, sai ya ce a miƙo masa zare. Mai Agogo da ya shekara da shekaru yana neman ranar da zai kayar da shi, bai taɓa cewa ai ga irinta ba. Ya dai ci gaba da kawo shayinsa, su zauna su sha shiru.

Yaya yakan kira ran Lahadi da yamma. Ya ce yawancin mutanen suna da kirki, wata tsohuwa ma ta saƙa masa hular sanyi. Ni kaɗai ya faɗa wa cewa akwai wasu da in an zo karɓar jibin Ubangiji a coci sai su sauya layi, su koma wajen Baturen da ke taya shi rabawa. Ya ce kada in gaya wa Baba. Ban gaya masa ba, amma ina jin ya sani, don wata rana ya tambaye ni ko a can ma ana kulle coci.

Mama ta rasu Yaya yana can. Takardunsa na zama suna hannun hukuma ana sabuntawa, in ya fito ba zai iya komawa ba. Wani Fada ne ya yi mata Mas, ni kuma na riƙe waya sama a bakin kabari don Yaya ya ji. Bayan nan idon Baba ya fara mutuwa. Ya kai sai ya lalubi ramin allura da harshe, daga baya ya ɗinka wa wani firist hannun riga a juye, ya zauna ya farke shi da kansa, ya rufe keken da zane. Na ɗauko shi ya dawo gidana.

Yana wajena aka yi rasuwar Fafaroma, aka shiga zaɓen wani. Gari ya ɗauka, rediyo da waya duk zancen ke nan, wai wannan karon akwai baƙaƙen fata cikin waɗanda ake hasashe. Mijina da abokansa suna ta lissafin ƙasashe kamar masu zancen ƙwallo. Ranar da farin hayaƙi ya fito, alamar an zaɓi sabo, Mai Agogo ya sa jikarsa ta rako shi gidanmu, yana dogara sanda. Muka ja wa Baba kujera gaban talabijin, ko da yake haske kawai yake gani.

Da aka buɗe labule sabon Fafaroman ya fito, Baba ya ce, "Faɗa min."

Na ce, "Ba namu ba ne, Baba."

Ya gyaɗa kai. Taron da ke cikin talabijin na ta ihu. Mai Agogo ya yi gyaran murya ya ce, "Tela, ka yi haƙuri. Ni ma wannan karon na so a ba mu."

"Kai? Bayan duk ciwon kan da ka ba ni?"

"Tsufa ne."

Baba ya yi 'yar dariya, ta koma tari. Da ya lafa ya ce, "Har yanzu ina so, ban fasa ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, na so in ji an ce mai kama da ni ne. Amma in an ba shi don fatarsa, wasu za su juya masa baya don fatarsa, shi kaɗai a ƙaton gida, ba mai leƙa shi. Ban san yadda za a yi ba. Dā na sani, yanzu ban sani ba." Ya juyo inda yake jin numfashina. "Shi wannan ɗin, yana da 'yan'uwa?"

Mijina ya ce an ce yana da su.

"To su ma sun yi rashi yau," in ji Baba.

Da Yaya ya kira, Baba bai yi masa zancen zaɓe ba ko kaɗan. Ya tambaye shi ko yana cin abinci, ko cikin yana damunsa, ko rigunansa sun tsufa. Yaya ya ce a can saye ake yi a kanti. Baba ya ce to, Allah ya kyauta.

Bai kai ƙarshen shekarar ba. Wata safiya na kai masa ruwan wanka, ya ce in bari ya ɗan ƙara kwanciya. Da na dawo daga kai yara makaranta ya tafi, hannunsa ɗaya a ƙarƙashin kumatu.

Wannan karon Yaya ya samu zuwa. Shi ya yi Mas ɗin, firistoci cike da bagade, da yawansu sun zo daga nesa. Ya karanta komai daidai har ya zo inda ake ambaton mamaci, sai muryarsa ta tsaya. Ya tsaya hannuwa a buɗe, sai wani tsohon Fada da ke gefensa ya matso ya ƙarasa masa.

Ya yi mako biyu da mu ya koma. Har yanzu yana can. Yarana suna gaishe shi ta waya da safe kafin su tafi makaranta, ƙaramar tana jin kunyarsa, sai na tura ta gaba take cewa Kawu ina kwana.