Rile Uku a Motar Auta

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran wutar mota a rumfa ɗaya, mai benci da akwatin ƙarfe, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Mai Waya yake ce masa. Gajere ne, yatsunsa duk tabon ƙuna, kuma ba ya son a tsaya masa a ka yana aiki. Da motoci masu kwamfuta suka shigo, sa'o'insa da yawa suka koma gyaran janareta. Shi kuwa ya sayi na'urar duba mota, ya zauna da tabarau yana haddace lambobinta har ya iya. Tun daga nan ya fi yarda da na'urar a kan bakin mai mota.

Ƙanwa ɗaya gare shi, Auta, wadda ya riƙe tun rasuwar iyayensu har ya aurar. Mijinta malamin makaranta ne mai barkwanci, sai ciwon ƙoda ya kama shi. Sau biyu a mako ake kai shi asibiti wankin ƙoda, dole Auta ta koyi tuƙi da tsohuwar motarsa.

Wata Talata motar ta mutu musu a hanya. Mai Waya ya je ya jona na'ura, ta nuna masa wuta ta haɗu a layin rilen famfon mai. Rile ɗan baƙin abu ne kamar kwalin ashana, shi ke sakar wa famfo wuta. Ya zaro shi yana warin ƙuna, ya sa sabo, ya canza fis, mota ta tashi.

Bayan mako biyu ta sake. Ya sa rile na biyu ransa a ɓace.

"Ke dai akwai abin da kike jonawa, ko kina watsa wa inji ruwa," ya ce wa Auta.

"Wallahi Yaya ban taɓa komai ba. Ni abin da na lura, ba ta mutuwa sai in Malam yana ciki."

"To Malam ɗin ne ke cinye rilen?"

Malam na kishingiɗe a kujerar gaba, ya ɗago da ƙyar. "Yaya, an hana ni gishiri, an hana ni nama. Ka ga laifina in na koma kan rile?"

Suka yi dariya su biyu. Auta ba ta yi ba.

Karo na uku a kan gada ta mutu, da tsakar rana, cikin cunkoso. Kafin a samu abin hawa a ɗauki Malam, an ba wani majinyaci gurbinsa, aka ce su dawo jibi. Bai kai jibin ba. Washegari ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya gagara, aka ba shi gado.

Mai Waya ya jawo motar zuwa rumfa, ya sa rile na uku. Kwana biyu yana kanta, ya kori duk wani aiki. Ya bi wayoyin inji ɗaya bayan ɗaya da mitar awon wuta, ya girgiza, ya auna, babu komai. Ya zaga gari da ita, ko tari ba ta yi ba. Abinci ma maiɗakinsa sai ta dawo da kwanon yadda ta kai.

Ran na uku ya bar injin a kunne, ya zagaya ya zauna a kujerar mai zaman banza don ya huta. Gwiwarsa ta tokare gaba. Sai maganar Auta ta faɗo masa. Ya ja kujerar baya har ƙarshe yadda ake yi wa Malam saboda ƙafafunsa, ya kwantar da ita, ya saki nauyinsa. Fis ya yi ƙas, injin ya mutu.

Ya sauko ya ɗauko kayan aikinsa. Sannan ya kwance kujerar, ya ɗaga kafet. Ga wayar famfon nan ta bi ta gefen ƙarfen da kujerar ke gudu a kai, ƙarfen ya cinye robarta, jan ƙarfe yana ƙyalli. Ya yanke wurin, ya haɗa da dalma, ya naɗe, ya canza mata hanya. Duka aikin bai kai minti ashirin ba.

A barandar asibiti ya sami Auta zaune kan tabarma, idanunta sun faɗa. Ya miƙa mata guntuwar wayar tare da makulli.

"Ke ce da gaskiya, Auta. A ƙarƙashin kujerarsa take."

Ta juya wayar a hannu. "Ai na faɗa maka, Yaya," ta ce a hankali.

Kwana tara Malam ya yi kafin a sallame shi, kuma bai sake komawa aji ba. Likita ya ce ciwon da ma ya yi nisa, ba za a ɗora wa rana ɗaya ba. Mai Waya ya ji, amma bai shiga ransa ba. Yanzu duk ranar asibiti rufe rumfa yake yi, ya zo ya tuƙa su da kansa. Malam na ƙoƙarin jan sa da wasa a hanya. Auta na zaune a baya da jakar magani a cinya, in ya yi mata magana ta amsa da ladabi, in ya yi shiru ita ma ta yi.