Yatsan Lalle a Shafin Ƙarshe

Yayata ba ta iya karatun boko ba. Larabci take karantawa, shi ma bai wuce Alƙur'ani ba. Ni ce na koyi haruffan a makaranta, don haka ni nake karanta mata littattafan soyayya na Hausa bayan la'asar, a tsakar gidanmu da ke unguwar Kalakla. Takan kwanta a kan angarib, gadon nan namu na igiya, tana gyara mini kalmomin da bakina ya karkatar, tana zagin samarin cikin labarin.

Aronsu muke yi a kasuwar Omdurman, wurin wani tsoho mai sayar da turare, wanda yake ajiye su cikin kwali a ƙarƙashin teburinsa. Daga Kano suke zuwa a motocin kaya, kuma labari ɗaya kashi-kashi ne: na ɗaya ya iso bana, na biyu sai ran da Allah ya kawo shi. Bangayensu duk kamarsu ɗaya, mun sha kwaso wanda muka riga muka gama. Sai Yaya ta samo dabara. Ƙunshin amare ne sana'arta, hannunta ba ya rabuwa da lalle. Duk littafin da muka gama, sai ta dangwala babban yatsanta a shafin ƙarshe. Akwai tabon wuƙa a yatsan, yakan fito kamar farin zare a tsakiyar shaidar. Littafi mai lalle ba ma sake ɗaukarsa.

Muna jiran na uku na wani labari Yaya ta kwanta ciwo. An bar yarinyar labarin a tashar mota, ba mu san ko wanda take jira zai zo ba. Har a gadon asibiti Yaya ta tambaye ni ko littafin ya iso. Ta rasu bai iso ba.

Na daɗe ban taɓa littafi ba. La'asar ta zama lokacin da ban san inda zan sa kaina ba. Wata rana na hau mota zuwa Omdurman da niyyar samo wani sabon labari, kowane iri, ban da wancan. Tsoron da nake ji ɗaya ne: in san ƙarshensa ita ba ta sani ba.

Tsohon ya yi mini ta'aziyya, ya ce na yi sa'a, kaya sun sauka da safe. A gabana ya yanke igiyar ƙunshin. Na durƙusa ina juya su ɗaya-ɗaya, ina karanta bayansu. Can tsakiya sai ga shi, na uku. Hannuna ya saba, kafin in yi tunani na buɗe shafin ƙarshe.

Yatsan yana nan. Lallen ja ne, bai gama yin duhu ba, farin zaren ya ratsa tsakiyarsa. Na ji ƙanshin mahalabiyya, man da take kwaɓa lallenta da shi, duk da turaren da ya cika rumfar.

“Baba, wa ya riga ni ɗaukar wannan?”

“'Yata, ai a gabanki na yanke igiyar.”

Ya leƙo ya duba. Ya ce matan Kano ma suna ƙunshi. Amma ya san shaidar, ya sha yi wa Yaya faɗa a kanta, kuma na lura bai miƙo hannu ya karɓa ba. Ya ce in tafi da shi, ba sai na dawo masa da shi ba.

Na ce a'a, mai lalle ba ma sake ɗaukarsa. Na mayar da shi cikin kwalin. Har yau ban san ko saurayin ya zo tashar ba, kuma abin ya daina damuna.

Wani daban na ɗauka, na duba shafinsa na ƙarshe, fari tas. A ranar na shimfiɗa tabarma kusa da angarib bayan la'asar, na fara karantawa da ƙarfi kamar da. Da na kusa gamawa sai na rage sauri. Shafi ɗaya ya rage, ban juya shi ba tukuna.