Tumbin Kawu a Jirgin Ruwa

Shekarar da sojoji suka koma bariki, Kawu ya ci zaɓen ɗan majalisa. Ba a jima ba aka kwashe su zuwa ƙasar waje, wai ƙaro ilimi, har da liyafar cin abinci a cikin wani ƙaton jirgin ruwa. Shi kuwa Kawu ko kududdufin Ƙofar Guga kewaye shi yake yi.

Da ya dawo sai ya kawo mana hoton liyafar. Ga Turawa cikin baƙaƙen kwat, ga Kawu cikin babbar riga, ya cika fam kamar buhun gero.

Inna, wadda yayarsa ce, ta dubi hoton, ta dube shi siriri a gabanta.

"Onarabul, ina tumbin? Ko shi ma a bankin can ka ajiye shi?"

Ni ba na magana cikin manya, amma na ƙura wa wuyan rigar ido. Wata igiya ruwan lemo ta leƙo. Rigar hana nutsewa ce, irin ta littafinmu na makaranta, ya saka a ciki.

Muka haɗa ido. Ya karɓe hoton da sauri.

"Yaya, abincin gwamnati ne, akwai kumbura ciki."

Gara a ce ya ci da a ce ya ji tsoro.