Zobon Taubashiyata

Ba zan taɓa manta ranar da kwaɗayi ya kwantar da ni a gadon asibiti ba. Laifina kuwa bai wuce fizge gorar zobo daga hannun mai ita ba, sana'ar da na ƙware a kai tun ina rarrafe.

Lokacin muna shekarar farko a kwaleji, ni da 'yar kawuna. Tare muke fitowa daga Gafasa ta ƙasar Ajingi mu nufi Gaya, tare muke komawa. Sai da mahaifiyata ta kusa cinye takalminta da sintiri gidan yayanta kafin ya yarda yarinyar ta ci gaba da karatu, shi ma da sharaɗi: ranar da ya ji wata magana, ta dawo gida ke nan.

Taubasai ne mu. Ni ɗan mace, ita 'yar namiji, don haka "bawana" take ce mini ko a gaban malamai. Ni kuma ina ramawa da ciki. Awara, gyaɗa, rake, duk abin da na gani a hannunta halalina ne.

Ranar da aka gama jarrabawa, 'yan ajin ƙarshe suka haɗa walima bayan la'asar, ƙarƙashin darbejiyoyin bayan azuzuwa. Ga kiɗa, ga cincin, ga zobo a kula. A cikinsu akwai wani ɗan gayu mai sabon babur, wanda turarensa ke riga shi isa wuri da zango guda. Ya daɗe yana bin taubashiyata, tana kakkaucewa cikin ladabi. Ina kallo ya wuce kular jama'a, ya zaro wata gora daga jakarsa ya miƙa mata.

"Wannan naki ne na musamman, ƙanwata. In kin sha sai in sauke ki gida, ki huta da jiran mota."

Na musamman! Ai ban san lokacin da ƙafata ta kai ni ba. Na fizge, na kafa kai.

"Bawana, Allah ya shirye ka! Ko kurɓi ba za ka rage wa uwar ɗakinka ba?"

Tana dariya, amma shi bai yi ba. Ya kawo hannu zai ƙwace, idonsa a waje, yana cewa, "Kai, ba naka ba ne!" Na zille na ƙarasa shanyewa, har da yi masa gyatsa. Na dai ji ɗan ɗaci-ɗaci, na ce citta ce ta yi yawa.

Ba a jima ba ƙafafuna suka zama buhunan gyaɗa. Darbejiya ta fara rawa, harshena ya yi nauyin turmi. Abin da na iya tunawa na ƙarshe shi ne muryarta tana kiran sunana na gaskiya, wanda rabon da in ji shi a bakinta har na manta.

Na farka da ƙarin ruwa a hannu. Tana zaune a gefen gado rungume da takalmana, idanunta sun kumbura. Mahaifina da kawu suna tsaye, ma'aikacin asibitin yana gaya musu ƙwayar sa barci ce mai ƙarfi aka narka a abin sha.

Mahaifina ya dube ni. "Ashe shaye-shaye na tura ka yi? Daga yau gona ta ishe ka."

Na buɗe baki, sai na hango ta. In na faɗi mai gorar, karatunta ya ƙare. Ni da ba a taɓa rufe mini baki ba, ranar na yi gum.

Ita ce ta miƙe, ta dubi mahaifinta.

"Baba, ba nasa ba ne. Ni aka bai wa." Ta faɗi komai, har da babur ɗin da aka ce za a sauke ta da shi.

Sai a lokacin ni kaina na gane inda babur ɗin nan zai nufa da ita. Kawu ya zauna a bakin gadona. Ya juya wajen 'yarsa.

"Kin san abin da na ce zan yi in na ji magana?"

"Na sani, Baba."

"Kuma kika faɗa."

Ya share fuska da hannun riga. "To wadda ta faɗi gaskiya ba ita za ta bar makaranta ba. Wanda ya zuba shi zai bari." Sannan ya dafa kaina ya ce, "Kai kuma, sarkin kwaɗayi, yau dai cikinka ya yi rana."

Washegari kawu ya saka babbar rigarsa ya tafi makarantar da kansa. Da aka fara bincike, sai ga wata ɗaliba ta fito ta faɗi abin da ta daɗe tana ɓoyewa saboda kunya. Ita ba ta samu mai fizge mata gora ba. Har yau in na tuna ta, dariyar labarin nan takan ɗauke mini.

Tun daga nan mu 'yan Ajingi muka kafa ƙa'ida: ba a shan abin da aka keɓe wa mutum shi kaɗai, kuma ba mai tafiya sai an ga kowa ya shiga mota. Na kuma koyi cewa yarinyar da ta san za a saurare ta a gida ta fi wadda ake tsoratarwa tsira, domin shirunta mugu yake dogara da shi.

An kori ɗan gayun, aka miƙa shi ga hukuma. Taubashiyata ta gama karatunta, yanzu tana koyarwa a firamaren garinmu. Har gobe bawana take ce mini, kuma in na je gidanta, da kanta take ajiye mini zobo.